Shuka Vernonia, 'yar'uwar shuwaka, a bayan gida a Amurka

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa mazaunin Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka. Ya ce a bayan gidansa akwai wani ɗan kwari da ruwa ke kwanciya duk lokacin da aka yi ruwan sama, ciyawar ado ta ƙi kama wurin, kuma maƙwabcinsa ya ba shi shawarar ya shuka wani furen asalin ƙasar da suke kira ironweed, wanda masana ke kira Vernonia. Ya kuma ji an ce dangin shuwaka ne, don haka yana so ya san ko gaskiya ne, yaya ake shukawa, kuma ko ganyen zai yi miya.

Malam, shawarar maƙwabcinka tana kan hanya, domin wuri mai rana da ƙasa mai riƙe danshi shi ne ainihin mazaunin wannan shuka a jihar da kake. Sai dai ina so ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. Kusan duk aikin Vernonia ana yin sa ne kafin a saka ta a ƙasa, wato zaɓen nau'in da ya dace da danshin wurin da kuma girman filin. Idan ka dace a nan, abin da ya rage kaɗan ne, kuma yawancin waɗanda na ga ta ba su matsala ba sakaci ne ya jawo musu ba, yawan hidima ne: taki, ban ruwa kullum, da feshin magani. Sabon da muka yi da shuwaka a gida ma zai iya kai ka ga kuskure, domin rayuwar shukokin biyu ta sha bamban duk da zumuncin da ke tsakaninsu.

Zumuncin gaskiya ne. Dukkansu suna cikin babban dangin da masana ke kira Asteraceae, kuma an daɗe ana rubuta sunan shuwaka Vernonia amygdalina. Masanin tsirrai ɗan Jamus, Schreber, shi ya kafa sunan Vernonia a 1791 don tunawa da William Vernon, ɗan Ingila da ya tattara tsirrai a yankin Maryland na Amurka a 1698. Daga baya aka yi ta cusa ɗaruruwan tsirrai na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a ƙarƙashin sunan, har sai da masanin tsirrai Harold Robinson na cibiyar Smithsonian ta Amurka ya rarraba su a ƙarshen ƙarni na 20, inda shuwaka ta koma Gymnanthemum amygdalinum a wajen masana da yawa. Waɗanda suka rage da sunan Vernonia ba tare da gardama ba su ne na Arewacin Amurka, nau'i kimanin 17, tare da wasu kaɗan a kudu. Abin da ya haɗa su da shuwaka a zahiri shi ne ɗaci da kuma siffar fure. Abin da ya raba su kuwa shi ne sanyi. Shuwaka ƙaramar bishiya ce mai itace, tana nan da rassanta shekara da shekaru, kuma daren ƙanƙara guda ya isa ya ƙone ta. Vernonia ta Amurka kuwa duk abin da ke saman ƙasa yakan mutu a hunturu, saiwar ce kaɗai ke kwana a raye, sannan ta sake fitar da sababbin kara idan ƙasa ta ɗumama.

Wannan mutuwa da farfaɗowa ita ce ke tsara duk abin da za ka yi. A Ohayo tohon yakan makara, sau da yawa sai ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, bayan sauran furanni sun riga sun yi kore, saboda haka ka kafa ƙaramin turke a gindinta don kada ka ɗauka ta mutu ka tone wurin. Daga nan takan miƙe da sauri a Yuni da Yuli, kara a tsaye, mai tauri, ganye dogo mai tsini da ƙananan haƙora a gefe. Furen yana zuwa a Agusta zuwa Satumba. Idan ka matsa kusa za ka ga kowane kan fure bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, an naɗe gindinsa da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, daga sama kuma siraran furanni masu launin shunayya mai duhu sun fito a cunkushe, kowanne da zarensa mai baki biyu a lanƙwashe. Irin waɗannan kawuna da yawa ne ke taruwa a saman kara su yi faffaɗan kai guda. Bayan makonni kaɗan launin yakan koma na tsatsa, inda kowace ƙwayar iri ke ɗauke da gashinta da iska za ta kwashe ta da shi.

Nau'in da ya fi yawa a Ohayo shi ne Vernonia gigantea, kuma kusan tabbas shi maƙwabcinka yake nufi. Shi ne za ka gani a makiyayar shanu da gefen hanya idan ka bi ƙauyukan jihar ko na Kentaki a ƙarshen Agusta, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar filin da dabbobi suka cinye ƙarƙaf, domin shanu ba sa taɓa shi saboda ɗaci. Dalilin da ya sa manoman can ke ɗaukarsa a matsayin ciyawar da ke ɓata makiyaya ke nan, ba abin ado ba. Tsayinsa na yau da kullum ƙafa 5 zuwa 8 ne, a ƙasa mai albarka yakan kai ƙafa 10, wato mita 3, kamar karan dawa a gonar da ta sha taki. Wannan tsayi shi ne kyawunsa kuma shi ne matsalarsa. Idan kwarin naka yana can ƙarshen fili kusa da shinge, ba abin da ya fi shi. Idan kuwa yana gaban tagar falo ne ko kusa da inda yara ke wasa, za ka gaji da shi kafin shekara ta uku.

Ga ƙaramin fili, ni na fi karkata ga Vernonia fasciculata. Ita ta filayen ciyawa masu dausayi ce na tsakiyar ƙasar, tana kaiwa arewa har lardin Manitoba na Kanada, abin da ke nuna cewa sanyin Ohayo ba komai ba ne a wajenta. Yawanci tana tsayawa a ƙafa 3 zuwa 5, ganyenta sumul ne, kan furenta a dunƙule yake, kuma tana jure kwanciyar ruwa na ɗan lokaci sosai. Akwai kuma Vernonia noveboracensis, wadda masu sayar da shuke-shuke suka fi tallatawa. Tana da kyau, tana son danshi, tana kai ƙafa 4 zuwa 7, amma asalinta jihohin gabas ne irin su Maryland da Fensilbaniya da Bajiniya. Za ta rayu a wajenka ba tare da wahala ba, sai dai idan burinka shi ne shuka abin da ƙwarin yankinka suka saba da shi, biyun farko sun fi ta cancanta.

Akwai nau'i biyu da zan ce ka kauce musu a wannan wuri duk da cewa za ka ci karo da su a kasuwa. Vernonia baldwinii ta busassun filayen Kansas da Oklahoma ce, kuma tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa fiye da sauran, har ta fita daga inda aka ajiye ta. Vernonia lettermannii kuma, mai ganye siriri kamar zare, wadda ba ta wuce ƙafa 2 zuwa 3, asalinta bakin koguna masu duwatsu ne a Arkansas da Oklahoma, inda ambaliya ke zuwa ta wuce nan da nan ta bar tsakuwa a bushe. Irin da aka fi sayarwa daga cikinta shi ne Iron Butterfly, wanda Allan Armitage ya zaɓo a Jami'ar Jojiya. Shuka ce mai tsari ƙwarai, amma a cikin laka mai riƙe ruwa lokacin hunturu saiwarta na iya ruɓewa. Idan kana da wani ɓangare mai tudu da rana a gaban gida, can ne wurinta.

Kafin ka sayi komai, ka binciki wurin da kanka. Abu na farko rana ce. Tana bukatar aƙalla awa 6 na rana kai tsaye, kuma ka auna wannan lokacin da bishiyoyi ke da ganye, domin wurin da ke da haske a watan Maris na iya zama inuwa a Yuli. A inuwa ba za ta mutu ba, amma za ta yi tsawo marar ƙarfi, ta karkata wajen haske, furen ya ragu. Abu na biyu shi ne tsawon lokacin da ruwa ke zama. Ka haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, ka cika shi da ruwa, idan ya tsotse ka sake cikawa, sannan ka duba. Idan ruwan ya tafi cikin kwana ɗaya ko biyu, wurin ya yi daidai. Idan yana nan bayan kwana uku ko huɗu, to kwarin ya zama tafki, kuma sai ka shuka ta a gefensa inda ƙasa ke da danshi amma ba ta nutse ba. Ƙasar Kolumbus galibi laka ce mai nauyi, wadda ke wahalar da furanni da yawa, amma Vernonia tana jin daɗinta, don haka kada ka zuba yashi da nufin sassauta ta. Idan ruwan daga indararon rufin gida yake zuwa, ka tabbata inda yake taruwa ya yi nisan aƙalla ƙafa 10 daga harsashin ginin. Kuma kafin ka sa shebur a ƙasa ka kira lambar 811, wadda ake kira kyauta a duk faɗin Amurka don a zo a nuna inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi.

Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce sayen dashe. Gindi uku zuwa biyar sun wadatar da ƙaramin kwari, tun da kowane gindi yana ƙara yawan kara kowace shekara. Ka nemi masu renon tsirran asalin yankin, ko kasuwannin dashe da ƙungiyoyin kare muhalli da hukumomin kula da ƙasa da ruwa na ƙananan hukumomi kan shirya a watannin Afrilu da Mayu. Ka duba cikakken sunan kimiyya a jikin tambarin, domin dukkan nau'o'in ana kiransu ironweed a kasuwa, kuma suna barbarar juna cikin sauƙi, har a kan samu wanda ba shi nan ba shi can. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko an yi wa dashen maganin ƙwari irin wanda ke shiga jikin shuka, musamman rukunin neonicotinoid, domin yana iya kaiwa ga ruwan fure da garinsa, ya cutar da ƙudan zumar da kake son jawowa. Tono ta daga gandun gwamnati ko filin wani ba tare da izini ba laifi ne, kuma babban gindi ba ya cika jure tono a tsakiyar girma.

Lokacin dashe biyu ne: tsakiyar Mayu bayan an fita haɗarin ƙanƙara, ko Satumba zuwa farkon Oktoba yadda saiwa za ta kama kafin ƙasa ta daskare. Ka fara kawar da ciyawar da ke wurin, ko ta hanyar kankare ta da shebur ko ta rufe ta da kwali na wasu watanni har ta mutu. Ramin ya zama daidai zurfin kaskon da dashen ya zo a ciki amma ya fi shi faɗi, wuyan shukar ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, ba a binne shi ba. Ka bar tazarar ƙafa 2 zuwa 3 tsakanin gindi da gindi, ko da a shekarar farko wurin zai yi kama da wanda ba kowa. Ka mayar da ƙasar da ka haƙo, ka danne ta da hannu, ka ba ta ruwa sosai, sannan ka shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace mai kaurin inci 2 a kewaye ba tare da ya taɓa karan ba. A shekarar farko ka ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako idan ba a yi ruwan sama ba. Daga shekara ta biyu, a wuri irin naka, ba ta bukatar ka sai in an yi fari mai tsawo.

Idan kuwa da iri kake so ka fara, a nan ne bambancinta da abin da muka saba ya fi fitowa. Irin Vernonia ba ya tsira da kyau sai ya sha sanyi da danshi na tsawon lokaci, dabarar da ke hana shi tsirowa a kaka ƙanƙara ta kashe shi. Wanda ya sayi iri a watan Mayu ya watsa a ƙasa mai ɗumi zai jira a banza. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar hunturu ya yi aikin: a Nuwamba ko Disamba ka watsa irin a kan ƙasar da ka share, ka danne shi da tafin hannu, ka yayyafa masa ƙasa 'yar kaɗan da ba ta fi kaurin irin ba. Abin da na fi so shi ne shukawa a cikin kasko mai huji a ƙasa, a rufe bakinsa da ragar waya saboda ɓeraye da kurege, a ajiye shi a waje a gefen gida inda dusar ƙanƙara za ta sauka a kai. Amfanin kasko shi ne duk abin da ya tsiro ka san naka ne, ba sai ka tsaya tantance shi daga cikin ciyawa ba.

In lokacin ya wuce maka, firji zai maye gurbin hunturu. Ka gauraya irin da yashi mai ɗan danshi, wanda idan ka matse shi ruwa ba zai ɗiga ba, ka zuba a leda ka ɗaure, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye a ɓangaren kayan lambu, ba ɓangaren daskarewa ba, na kimanin kwana 60. Daga nan ka shuka a kasko a wuri mai ɗumi da haske. Ko ta wace hanya ka bi, ka shuka da yawa fiye da abin da kake bukata, domin kaso mai yawa na irin Vernonia holoƙo ne. Idan ka tara irin da kanka a Oktoba, ka murza kan furen a kan farar takarda, za ka ga wasu ƙwayoyin a cike suke, masu tauri idan ka danna da farce, wasu kuma sirara ne a shafe, kuma waɗannan na biyun ba abin da za su fitar. Tsiron da ya fito yakan yi shekarar farko yana gina saiwa, ba zai burge ka ba, furen kuma sai shekara ta biyu, wani lokaci ta uku.

Game da taki, shawarata ita ce kada ka saka. Na san wannan yana da wuyar karɓa ga wanda ya taso yana ganin shuwaka na amsa takin gargajiya da ganye manya-manya, amma a can ganye ake nema, a nan kuwa kara mai ƙarfi da fure ake so. Takin zamani mai yawan sinadarin naitirojin yana sa karan ya yi tsawo da laushi, sai guguwar Agusta ta zo ta kwantar da shi daidai lokacin da ya fara fure. Ka lura ma da takin da ake watsa wa ciyawar ado, domin ruwan sama yakan wanko shi zuwa kwari, haka nan maganin kashe ciyawa mai faɗin ganye da ake haɗa shi da shi, wanda zai murɗe ganyen Vernonia ko ya kashe ta. Idan kamfani ne ke kula maka da ciyawar, ka nuna musu iyakar wurin.

Aiki guda da ya cancanci ka riƙa yi kowace shekara shi ne rage tsawo. Tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni, lokacin da karan ya kai gwiwa ko ƙugu, ka yanke kashi ɗaya cikin uku ko rabinsa da almakashin lambu, a saman mahaɗar ganye. Kowane karan da aka yanke zai fitar da rassa biyu ko fiye, shukar ta yi gajarta da cika, kawunan fure su yi yawa amma ƙanana, furen kuma ya ɗan jinkirta da mako ɗaya ko biyu. Dabarar da ta fi kyau ita ce ka yanke na gaba da na gefe sosai, ka bar na tsakiya da na baya yadda suke, ta haka gajerun za su tallafi dogayen, lokacin furen ma ya tsawaita tun da ba tare za su buɗe ba. Kada ka yi wannan yanka bayan farkon Yuli, domin za ka cire furen shekarar ne. Kawunan karan da ka yanke ma ba asara ba ne: idan ka cire ganyen ƙasa ka soka su a kasko mai danshi a inuwa, wasu za su yi saiwa.

Akwai aibi guda da ba ta rabuwa da shi, wato ganyen ƙasa yakan bushe ya zube kafin fure, ƙafar shukar ta zama tsirara. Ba cuta ba ce, kuma maganinta shi ne a shuka abin da zai rufe ƙafar. Ciyawar Panicum virgatum ta dace da danshi, haka nan Asclepias incarnata mai fure ruwan hoda, da nau'o'in Carex, masu kama da ciyawa, a bakin ruwa. Launin shunayyar yana fitowa sosai kusa da furen Solidago mai ruwan ɗorawa, wanda ke buɗewa a lokaci guda, amma ka guji Solidago canadensis, domin cikin 'yan shekaru za ta mamaye kwarin gaba ɗaya. Ka kuma yi la'akari da idon maƙwabta. Birane da yawa suna da dokar tsayin ciyawa, unguwanni masu ƙungiyar masu gidaje kuma suna da nasu ƙa'idojin, saboda haka ka karanta su tun da wuri, ka yi wa wurin iyaka bayyananna da duwatsu ko aski mai tsabta a kewaye, yadda duk mai wucewa zai gane lambu ne aka tsara.

Ladan wannan aiki yana zuwa ne a ƙarshen Agusta. Furen yana ba da ruwan zaƙi a daidai lokacin da manyan malam-buɗe-littafi ke yawo, ciki har da wanda ake kira monarch, mai launin ruwan goro da baƙin zane, wanda a Satumba yake kama hanyar dazuzzukan tsaunukan tsakiyar Meziko don yin hunturu, kuma yana bukatar abinci a hanya. Vernonia tana ciyar da babbansa ne kawai, tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen Asclepias, dalilin da ya sa na ambace ta a sama. Asclepias ɗin nan dangin tumfafiya ce, kuma ɗan'uwan monarch na Afirka a kan tumfafiya yake saka ƙwansa a ƙasar Hausa. Akwai kuma wani ƙudan zuma na daji, Melissodes denticulatus, da ya dogara kusan kacokan ga garin furen Vernonia wajen ciyar da 'ya'yansa. Garin fari ne, don haka za ka gane macen da farin ƙullin da ke ƙafafunta na baya. Ba ya zama a amya, a ƙasa yake haƙa ramin kansa, kuma ba ya kai hari, saboda haka ka bar ɗan fili ba tare da shimfiɗar ɓawo ba a gefen da ya fi bushewa.

Cututtukanta kaɗan ne. A ƙarshen lokaci za ka iya ganin farin fumfuna a saman ganye ko ɗigon tsatsa a ƙarƙashinsa, musamman idan an cunkushe ta, kuma ba sa kashe ta, don haka feshi bai da amfani. Wani lokaci kara guda zai yanƙwane saboda tsutsar da ta huda cikinsa, sai ka yanke shi kawai. Barewa da zomo galibi suna ƙyale ta, ko da yake sukan ɗanɗani sabon toho. Abin da ya fi bukatar kulawa shi ne yaɗuwar iri. A ƙasa mai danshi da ba a rufe ba, gigantea takan tsiro a inda ba a gayyace ta ba, kuma idan tsiron ya shekara biyu cire shi sai da shebur. In ba ka son haka, ka yanke kawunan da zarar sun fara komawa launin tsatsa, ka bar kaɗan saboda tsuntsaye. Karan kuwa ka bar shi a tsaye duk hunturu, a watan Afrilu ka yanke shi ka bar guntu mai tsawon inci 12 zuwa 18, domin wasu ƙananan ƙudan zuma suna yin gida a cikin ɓargonsa. Bayan shekara huɗu ko biyar, idan gindin ya yi faɗi ko kana son ba wani, ka raba shi da zarar toho ya leƙo, amma ka zo da shebur mai kaifi ko gatari, domin kututturen saiwar yana da tauri ƙwarai.

Batun miya kuwa, amsata a'a ce. Ɗacin da ke cikin ganyen ya fito ne daga rukunin sinadaran da ake kira sesquiterpene lactones, kuma shuwaka ma tana da nata irin, amma kasancewar rukuni ɗaya ba ya nufin abu ɗaya ne ko adadi ɗaya. Shuwaka abinci ce da al'ummomi suka daɗe suna ci, daga miyar shuwaka a wajenmu zuwa onugbu na Ibo, ewuro na Yarbawa da ndole na Kamaru, kuma an san yadda ake wanke ta a murje har ɗacin ya ragu. Vernonia ta Amurka ba ta da wannan tarihi a tukunya. 'Yan asalin ƙasar, irin su Cherokee, sun yi amfani da saiwarta a matsayin magani, ba ganyen miya ba, kuma wannan ba hujja ba ce ta gwaji a kan iyali. Ruwan ganyen ma yakan sa wasu ƙaiƙayi a fata, don haka ka sa safar hannu lokacin yanka.

Idan miyar ce ke ranka, ka shuka shuwakar kanta a babban kasko. Ka nemi yankan kara mai kaurin yatsa daga wani da ke renonta a can, ka soka shi a ƙasa mai danshi da ɗumi, zai yi saiwa cikin makonni kaɗan. Kada ka ɗauko daga gida a cikin jaka, domin shigar da ɗanyen tsiro Amurka ba tare da takardun hukumar aikin gona ba ya saɓa doka. Ka fitar da kaskon waje daga ƙarshen Mayu, ka ba ta rana da ruwa da taki yadda take so, ka riƙa tsinkar kan rassa don ta yi cika. Kafin ƙanƙarar farko, wadda a Kolumbus kan zo wajen tsakiyar Oktoba, ka rage mata rassa ka shigar da ita ɗaki kusa da taga mai kallon kudu, ka rage ban ruwa har zuwa bazara. Za ta zubar da ganye da yawa a cikin gida, wanda ba abin damuwa ba ne muddin karan yana da kore idan ka ɗan kankare shi da farce.

Ga masu karatu da ke Kano ko Maradi ko Garwa da sha'awar ta kama su, ban ba da shawarar neman irin Vernonia ta Amurka ba, tun da ba za ta samu sanyin da ke tsara rayuwarta ba. Wanda ke son abin da take yi wa lambu, sai ya bar gindin shuwaka ɗaya ko biyu ba tare da tsinka ba har su yi fure da rani. Furen fari ne mai ɗan ƙamshi, siffarsa irin wadda na bayyana a sama, kuma ƙudan zuma suna taruwa a kansa sosai a lokacin da furanni suka yi ƙaranci.